Neman kalma: me za mu kira mai fito da kiɗa daga kansa, amma ba ya rera waƙa?

Hadiza Rediyo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar Alhamis da safe za mu naɗi filinmu na tarihin makaɗan duniya, kuma wannan makon a kan Karlos Paredes ne, mutumin Fotugal. Na gama fassara, kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya: composer, wadda su a harshensu suke cewa compositor. Ga mutumin a taƙaice don ku ga inda gizo ke saƙar. An haife shi a Koyimbra ranar 16 ga Fabrairu 1925, ya rasu a Lisbon ranar 23 ga Yuli 2004. Gado ne ba haye ba, domin mahaifinsa Artur da kakansa Gonsalo duk gitar Fotugal suke kaɗawa, mai tsirkiya 12. Shi ba ya rera waƙa, kiɗa ne zalla, kuma mafi yawan abin da ya shahara da shi daga kansa ya fito. In na ce mawaƙi na yi ƙarya, in na ce makaɗi na danne masa rabin aikinsa. A taimaka kafin daren Laraba.

Bazamfare:
Wa alaikis salam Malama. Makaɗi ya isa. Mu a nan Makaɗa Narambaɗa muke cewa, Makaɗa Ɗanƙwairo muke cewa, kuma kowa ya san su ke ƙulla abin, yara na amshi. Ba ki danne masa komai ba.

Malam Sani na Aji:
A Zamfara da Sakkwato haka ne. Amma mai sauraro a Kano in ya ji makaɗi, mai kalangun da ke bayan Shata zai fara tunawa, ba Shata ba. Kuma su Narambaɗa magana suke ƙullawa, kiɗa na rakiya. Wannan mutumin babu magana ko ɗaya a bakinsa. Ni dai mai tsara kiɗa nake gani.

Ɗan Sutudiyo:
Mu mai haɗa kiɗa muke cewa, Aunty. Kowane yaro ya san shi.

Malam Sani na Aji:
Mai haɗa kiɗa yana zaune gaban fiyano da kwamfuta, mawaƙi ya zo da karinsa ya ɗora masa. Aiki ne mai kyau, amma ba shi ake nema ba.

Baba Mai Ƙamus:
'Yata Hadiza, sannu da ƙoƙari. Duk abin da aka kawo jimla ce, ke kuwa kalma kika nema. Kalmar tana nan: maƙagi. Ƙaga, maƙagi, maƙagiya, maƙaga, kamar yadda muke da ɗinka da maɗinki. Maƙagin kiɗa. Hujjata tana cikin tarihin mutumin. A 1958 'yan sandan ciki na gwamnatin Salazar, mai mulkin Fotugal a lokacin, waɗanda ake kira PIDE, suka kama shi saboda yana cikin jam'iyyar kwaminis, ba a sake shi ba sai ƙarshen 1959. An ruwaito cewa a ɗakin kurkuku yana ta kai da komo, yatsunsa na motsi a iska kamar yana riƙe da gita, har 'yan ɗakinsu suka zaci ya taɓu. Ashe sabon kiɗa yake fitarwa yana adanawa a kansa. To ku gaya mini, a wannan ɗakin me ya kaɗa da za a ce makaɗi? Me ya haɗa? Ana tsara abin da yake akwai ne, a sa wannan gaba a sa wancan baya. Shi kuwa babu ya tarar, ya samar. Wannan shi ne ƙagawa.

Ustaz Tudun Wada:
Baba, da girmanka, ka janye wannan. Maƙagi a bakin malamanmu da mawaƙanmu na addini Allah ake nufi da shi, Maƙagin halitta. Ba za a ɗauke shi a ba mai kaɗa tsirkiya ba, a gidan rediyo kuma, inda dubban mutane ke ji. Kuma "babu ya tarar ya samar" ba maganar da ake yi wa ɗan Adam ba ce.

Baba Mai Ƙamus:
Ustaz, Allah ya ƙara ilimi. Ƙagaggen labari fa, wa ya ƙage shi? Ana koyar da ƙagaggun labarai a kowace jami'a ba wanda ya ce an yi saɓo.

Ustaz Tudun Wada:
Shi ya sa ake cewa marubuci, ba a cewa maƙagi. Aikatau daban, suna daban.

Ummu Ahmad daga Sudan:
Mu nan Hausawan Sudan da Larabci muke fita, mulahhin, mai sanya wa waƙa lahan, wato karinta. Sai dai na san a Najeriya kunne zai ji lahani, a ɗauka mai ɓata abu ake nufi. Na dai faɗa ne don a sani.

Ɗan Damagaram:
A wajenmu wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, zai ce kwampozitar ya wuce abinsa. Amma tsohuwata ba za ta gane ba, kuma irinta ne masu sauraren rediyo. Me zai hana matsarin kiɗa, tunda Baba kalma guda yake so?

Malam Sani na Aji:
Matsari zai karkata zuwa tsaro, a ji kamar mai gadin kiɗa. Ba kowane aikatau ke karɓar ma- ya zauna lafiya ba. Ku gwada da ƙulla ku ji abin da zai fito: maƙulli, kunne ya ji makulli. Marubucin kiɗa ma na yi tunaninsa, na bar shi, don Bahaushe zai ɗauka baitoci yake rubutawa.

Hadiza Rediyo:
Na gode, ina bi. Ƙarin bayani ko zai taimaka: a 1963 shi ya yi wa fim ɗin Paulo Rocha mai suna Os Verdes Anos kiɗa, kuma wannan kiɗan ne aka fi saninsa da shi har yau. Wasu makaɗa a wasu ƙasashe sun ɗauke shi sun kaɗa da goge irin na Turawa, amma ana cewa na Paredes ne. Abin da nake so kalmar ta riƙe ke nan: mai abu, ko da ba shi ke kaɗawa ba.

Injiniya Kabir:
Ni shawarata a guji makaɗi gaba ɗaya. Mu faɗi gaskiya, a wurin mutanenmu makaɗi da maroƙi ɗan Juma ne da ɗan Jummai. Wannan mutum fa ma'aikaci ne. Shekara da shekaru yana asibitin Sao Jose a Lisbon, a ɗakin da ake adana hotunan ƙashi, yana jera su a faifai-faifai, alhali ƙasar duka ta san sunansa. Da aka kore shi daga aikin gwamnati bayan kurkuku, tallan magunguna ya shiga yi wa likitoci. Da mulkin ya faɗi ranar 25 ga Afrilu 1974 aka mayar da shi bakin aikinsa, ya koma. Irin wannan a kira shi makaɗi, an rage masa daraja.

Jikan Sarkin Kiɗa:
Injiniya, ka yi magana son ranka. Ni gidan kiɗa na fito, kakana taushi ya kaɗa a fada har ya rasu, kuma ban taɓa jin kunyar sunan ba. Wato Bature in ya riƙe tsirkiya sai an nemo masa sabuwar kalma mai kwat da wando, namu kuwa su zauna da sunan da kuke ganin na raini ne? Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, wa ya tsara masa kiɗan? Masu algaita da suka bar mana taken sarakuna, da masu gurmi da garaya, ba daga kansu suka fitar ba? Ba mu rasa kalmar don ba mu da masu aikin ba. A wurinmu mai fitarwa shi ne mai kaɗawa, shi ya sa ba a raba sunan biyu ba. Kuma mutumin naku ma haka yake, a hannun ubansa ya koya tun yana yaro ƙarami, kamar kowane ɗan makaɗa.

Injiniya Kabir:
Ban nufi cin mutuncin gidanku ba, Allah ya ba ka haƙuri. Yadda jama'a ke ji na faɗa.

Jikan Sarkin Kiɗa:
Jama'ar kai ne da ni. In rediyo ta ce makaɗi da girmamawa, haka za a ji shi.

Bazamfare:
Abin da nake faɗa tun farko ke nan. Amma da yake daga Zamfara ya fito sai aka tsallake. Kullum Hausar Kano ce ma'auni.

Baba Mai Ƙamus:
A dawo kan maƙagi. Ba wanda ya kawo hujjar nahawu a kansa, hujjar tsoro kawai aka kawo. Haka muka yi da kalmomi da yawa, muka tsaya jayayya har ta Turanci ta shige ta zauna. In Ustaz bai yarda ba, to maƙirƙirin kiɗa.

Ɗan Damagaram:
Baba, ka faɗe shi sau uku da sauri a gaban makirufo ka ji. Malama za ta sarƙe.

Malam Sani na Aji:
Maganar Jikan Sarkin Kiɗa ta sa na sake lissafi. Akwai wuraren da makaɗi ne daidai. Laƙabin da mutanensa suka ba shi, mai yatsu dubu, na hannu ne, ba na kai ba. Wanda ya ji faifansa na 1967 ko na 1971 zai ji yadda babban yatsa da manuni kaɗai ke gudu a kan tsirkiyoyin ƙarfe da aka jera biyu-biyu, Fernando Alvim na bin sa da gita ta gama-gari yana riƙe masa ƙasa. Nan kam makaɗi ne ake ji. Amma daga ƙarshen 1993 ciwon laka ya kama shi, ya yi kusan shekara 11 bai sake kaɗawa ba har ya rasu, kiɗansa kuwa wasu na ta kaɗawa. A nan dole a ce wanda ya tsara. Don haka Malama, ki riƙe biyun, kowace a muhallinta.

Hadiza Rediyo:
To ga abin da na rubuta a buɗe shirin: "Karlos Paredes, makaɗin gitar Fotugal, wanda shi ke tsara kiɗansa da kansa." Daga nan inda ake maganar yatsu in ce makaɗi, inda ake maganar fim da kurkuku in ce mai tsara kiɗa. A wurin kurkukun kuma na sa "yana ƙaga kiɗa a zuci", aikatau kawai, ina fata Ustaz ba zai ƙi ba. Baba, a yi mini afuwa, maƙagi ba zai shiga ba, shugaban sashenmu ba zai bari ya wuce ba.

Ustaz Tudun Wada:
Aikatau ba laifi.

Baba Mai Ƙamus:
Ki sa, 'yata, lokaci ya ƙure miki. Amma ban yarda an samu kalma ba, kewaye aka yi. Ranar da za ki fassara jimlar da ke da su biyar a jere, kowanne da ƙasarsa, za ki ga mai tsara kiɗa ya cika miki baki. Zan buɗe wani zaren a kan maƙagi, Ustaz ya zo da littattafansa.

Ɗan Sutudiyo:
Aunty, gitar fa? Na duba hotonta, cikinta a kewaye yake, ta fi kama da molo babba. In kika ce gita mutane za su zaci irin ta 'yan Agadas ce.

Hadiza Rediyo:
Gitar Fotugal zan ce, in bayyana siffarta da jimla ɗaya, sannan in saka kiɗan su ji da kunnensu. Na tura takardar. Wanda ke da abin da ya fi wannan ya ajiye a nan, akwai maimaici ranar Lahadi.