Neman kalmar Hausa: string, array da serialize, kafin darasin Asabar

Malamar Java: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka, ranar Asabar da safe zan naɗi darasin Java, yaren rubuta manhajar kwamfuta, kuma kalmomi uku sun tsaya mini: string, array da serialize. Ga abin da zan koyar. Ɗalibaina biyu sun haɗa manhajoji da ke aika wa juna bayanai ta JSON, wani tsarin rubuta bayanai da manhajoji ke musaya da shi, ɗaya da Jackson, ɗaya da Gson, kayan aikin Java biyu masu rubuta JSON da karanta shi. Suna da char[], wato array na char, mai ɗauke da K, a, n, o, kowanne a gurbinsa. Da aka zo serialize, wato mayar da shi JSON don aikawa, Jackson ya fitar da "Kano" a dunƙule a matsayin string, Gson kuwa yana jiran array, ["K","a","n","o"], sai ya ƙi karɓa. Gyaran ba wuya: ko a kunna zaɓin WRITE_CHAR_ARRAYS_AS_JSON_ARRAYS a Jackson, ko a rubuta wa Gson nasa TypeAdapter, wato umarnin da zai nuna masa yadda zai karanta shi. Faɗarsa da Hausa ce ta gagare ni.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Malama. Array jeri ne, wannan ba gardama. Char[] kuma jerin haruffa.

Mai Fassara: Jeri ya zauna. String dai kada a ce kirtani, don Allah. Na sha ganinsa a fassarar na'ura, kuma duk wanda ya karanta awakin gidansu yake tunawa. Ni "rubutu" nake sawa.

Ɗan Fagge: To text fa, me za a ce masa?

Mai Fassara: Matani.

Baban Zariya: 'Ya'yana, kun bar kalmar a gida kuna nema a dawa. Carbi. Ƙwayoyi ne a jere, zare ɗaya ya ratsa su, ka ɗaga ɗaya duk su taso. Array kuwa ƙwayoyin ne kafin a zura musu zare, kowace a raminta kamar 'ya'yan dara. Malama, ce wa yaranki Jackson ya ba da carbi, Gson yana jiran ƙwayoyi. Ko wanda bai taɓa kwamfuta ba zai gane.

Malamar Java: Baba, misalin ya yi kyau ƙwarai, har ma ya dace da Java, domin string ba a canja shi bayan an ƙirƙira, array kuwa ana iya cire abin da ke wani gurbi a sa wani. Shi ya sa getPassword na JPasswordField, akwatin shigar da kalmar sirri, ke mayar da char[], don a goge kalmar sirri da zarar an gama da ita.

Baban Zariya: Kin gani? Carbi in an ɗaure an ɗaure.

Ɗan Damagaram: Kafin a je ga carbi, ni "harafi" ne bai kwanta mini ba. A Hausa sh harafi ɗaya ne, ts ma haka, amma wurin kwamfuta kowannensu char biyu ne. Ga kuma "'ya'ya" yadda kuke rubutawa a Najeriya: char shida, domin alamar nan ta sama ita ma ana ƙirga ta. Mu a Nijar da muke rubuta ƴaƴa, huɗu ne. In Malama ta ce jerin haruffa, yaro zai ƙirga haruffan "tsatsa" ya sami huɗu, length mai ƙirga tsawon string ya ba shi shida. Lamba da fili tsakanin kalmomi ma char ne, kuma ba haruffa ba ne.

Ɗan Fagge: Malam, daidaitacciyar Hausa ake magana, ba a zo gyaran rubutu ba.

Ɗan Damagaram: Daidaitacciya a wurin wa? Namu rubutun ma hukuma ce ta tsayar da shi, yara na karatu da shi a makaranta. Duk lokacin da aka zo neman kalma sai a yi kamar Hausa ta ƙare a Kano.

Ɗan Fagge: Ban ce haka ba, Allah ya ba ka haƙuri. Amma ɗaliban Malama a nan suke.

Mai Fassara: Ɗan Damagaram fa yana da gaskiya a kan harafi. A ce alama. Har da wani abu: char na Java girmansa ƙayyadadde ne, bit 16. Ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kowannensu na shiga char ɗaya lafiya lau, amma yawancin emoji char biyu suke ci. In aka fitar da su a jeri, fuskar dariya ɗaya sai ta rabu gida biyu, kowane rabi ba ya karantuwa. Wannan ma hujja ce ga mai son a dunƙule su kamar yadda Jackson ke yi.

Baban Zariya: Duk wannan carbi ya ɗauke shi. Ƙwaya ita ce char. Serialize kuma carbantawa, kishiyarsa tsinkewa.

Hajiyar Rediyo: Baba, ranka ya daɗe, carbi abin ambaton Allah ne. Ni dai ba zan iya cewa a iska "carbin ya lalace" ko "a share carbin" ba, wayoyin masu sauraro za su cika. Kuma carbantawa ba ta kama ma'anar ba, domin ba array kaɗai ake yi wa serialize ba, kowane object, wato tarin bayanan abu guda a manhaja, ana yi masa. Me zai hana a ce sitirin kawai? Mun ce mota, mun ce asibiti. Shekara nawa muna cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa a labarai, mutanen gari suna cewa kwamfuta?

Baban Zariya: Hajiya, da wannan ragwancin harshe ke mutuwa. Waɗanda suka ce jirgin sama da wayar tarho ba su fi mu ƙwaƙwalwa ba, zama suka yi suka nema. Yau duk abin da Bature ya faɗa sai mu lanƙwasa masa baki mu ce Hausa ce.

Hajiyar Rediyo: Littafi da alƙalami ma aro ne, Baba, daga Larabci. Waya kanta aro ce.

Baban Zariya: Aron da ya shekara ɗaruruwa daban, na jiya daban.

Ɗan Fagge: Yaron da zai nemi aiki fa? In ya buɗe takardun Jackson, String zai gani. A koya masa carbi, ya je gwajin ɗaukar aiki ya rasa bakin magana?

Malamar Java: Jama'a, Asabar na matsowa, serialize har yanzu ba a taɓa ta da gaske ba.

Mai Fassara: Ƙunshewa. Kamar mai kayan miya ya ƙunshe miki a takarda don ki tafi da su, ki je gida ki warware. Object yana zaune a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ya tafiya haka nan, sai an ƙunshe shi cikin JSON. Deserialize kuma warwarewa. Matsalar yaranki ke nan: Jackson ya ƙunshe ta wata hanya, Gson bai san warware irin wannan ƙunshin ba.

Ɗan Damagaram: Wannan ta shiga kunne, mu ma haka muke cewa.

Hajiyar Rediyo: Na yarda da ƙunshewa. Sai dai mata za su tuna lalle, amma ba laifi.

Malamar Java: To ga abin da na ɗauka. Array jeri, char alama, char[] jerin alamomi, serialize ƙunshewa, deserialize warwarewa. String zan bar shi sitirin a wannan darasin, tunda haka suke gani a manhajar da suke rubutawa. Baba, da izininka zan yi amfani da misalin ƙwayoyi da zare wajen bayani, amma da duwatsun wuya zan kwatanta.

Baban Zariya: Misalin naki ne, 'yata, Allah ya ba da sa'a. Sitirin dai ban karɓa ba, kuma ni a nawa rubutun carbi zan ci gaba da sawa.

Ɗan Damagaram: Malama, a sa "tsatsa" cikin misalan, su ƙirga da kansu. Sannan library fa, irin su Jackson da Gson, laburare za ki ce ko me?

Malamar Java: Na sa. Library sai darasi na gaba, insha Allahu.