Musayar Waƙa: Masu Shuɗin Hula (Dakarun Kiyaye Zaman Lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya)

Ɗan Fagge:
Masu shuɗin hula, ina amfaninku?
Darfur na ƙuna kuna cikin tantinku.
Shekara goma a Mali an ƙirga muku,
Bamako ta ce ku naɗe tabarmarku.

Baba Sajan:
Yaro, sha shayinka, bar zancen fagen fama,
Monrobiya muka je da ECOMOG tun tana soma,
A Haskanita ta Darfur ƙannenmu suka kwanta dama,
Kana Fagge kana gyangyaɗi kan tabarma.

'Yar Kurmi: Allah ya ja kwana Baba! Ɗan Fagge, a ba ka ruwa?

Ɗan Fagge:
Baba, ban zagi kakinka ba, yi haƙuri,
Da masu kujerar naƙi nake tun fari.
Ruwanda, 1994, ana yanka gari-gari,
Kwamitin Sulhu ya rage dakaru da sauri.
Barikinku na Kano sunan Bukavu ya ara,
Bukavun Kwango fa? 'Yan tawayen M23 sun shige ba gargara.

Malam Na-Dala: Tsaya. Ka faro da amsa-amon "ri", ka ƙare da "ra". Sannan wa ya ce a cusa 1994 a ɗango? Rera shi mu ji in ba numfashi zai ɗauke maka ba.

Ɗan Fagge: Malam, ana maganar rayuka kana ƙirga gaɓoɓi.

Malam Na-Dala:
Wanda bai iya tsare ma'aunin baiti ba,
Ba shi zai koya wa soja tsaron gari ba.

'Yar Kurmi: Kai! Cikin ganuwa dai ba wasa. Amma Malam, "ba" da "ba" ai ko ɗan firamare ya iya.

Malam Na-Dala: Hajiya, dubi harafin da ke gabansa, "ti" da "ri". Ke dai ɓangare kika ɗauka.

Mai Goro: Ni yanzu na shigo, baitin farko nake amsawa.
Matar da ta je itace a bayan sansani,
Ita za a tambaya ko rakiya na da amfani.
Aikin dakarun UNAMID a Darfur ya ƙare 2020, me muka gani?
El Fasher ta sha ƙawanya da yunwa, ba magani.

Baba Sajan: Ka ji wanda ya san abu. Rakiyar itacen nan aiki ce, Ɗan Fagge.

Malam Na-Dala: Mai Goro, ɗangonka na ƙarshe ya yi tsawo.