Idan Babbar Tawaga Ta Shiga Jirgin Ruwan Shaƙatawa

Shin babbar tawaga kan takura wa sauran fasinjoji? Masu yawan hawa jiragen nan kan ce girman jirgi ne ma'auni. Tawagar mutum 300 ɓacewa take yi a jirgin Icon of the Seas mai ɗaukar fasinja kusan 7,600, amma a jirgin mutum 700 ita ce mai gida. Abin da ke ci wa jama'a tuwo a ƙwarya shi ne su tarar an rufe zauren wasanni don taron tawaga, teburan abincin ƙarfe shida duk an kama.

Kafin a biya kuɗi, a binciki sunan jirgin haɗe da ranar tashinsa a intanet, a kuma tambayi wakilin tafiye-tafiye, don a san ko wata babbar tawaga za ta hau. A kama teburin abinci tun daga gida. Gajerun tafiye-tafiye daga birnin Miyami na Amurka a watan Maris kuwa, ɗalibai masu hutu ke cika su.