Neman shawara: gyaran sashe ɗaya ko sabunta kundin ƙungiya gaba ɗaya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni ne sakataren ƙungiyarmu. Mun aika wa mambobi sanarwa cewa a babban taro mai zuwa za a gyara sashen wa'adin shugabanni daga shekara 2 zuwa 4, sai ga kwamitin da muka naɗa ya dawo da sabon kundi cikakke, yana so a amince da shi a wannan zama. Shin sanarwar da muka bayar ta wadatar?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ba ta wadatar ba. Abin da kundinku ya tanada game da gyara shi ne gaba da komai, amma idan kuna bin ƙa'idojin Robert na gudanar da taro, waɗanda Henry Martyn Robert ya fara wallafawa a 1876, sanarwa ita ce ke shata iyakar abin da taro zai iya taɓawa. Tun da kun ce daga 2 zuwa 4, mamba yana da damar neman a tsaya a 3, amma shugaban taro ba zai karɓi mai neman 5 ba, domin wanda ya karanta takardar ya zauna a gida bai san za a kai can ba. To, ina ga kundi sukutum da ba a ambace shi ba? Sai kun sake sanarwa, kun faɗa ƙarara cewa sabon kundi za a kawo domin ya maye gurbin tsohon, kuma ya fi kyau ku haɗa da kwafinsa.

Amsa ta biyu: Na goyi bayan Hajiya, sai dai ya kamata kwamitin ya san abin da yake jawowa. Da zarar an gabatar da sabon kundi, kowane sashe nasa a buɗe yake ga gyara ba tare da wancan takunkumi ba. Ana bin sa sashe-sashe, ana gyara kowanne da rinjaye na yau da kullum, wato fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa, sannan a kaɗa ƙuri'a ɗaya a ƙarshe. Idan ya faɗi, tsohon kundi yana nan daram.

Mai tambaya: Na gode, Alhaji. Kashi biyu bisa uku da kundinmu ya ce ana buƙata kafin a amince da gyara fa, na waɗanda suka halarta ne?

Amsa ta farko: Ka duba lafazin da kyau. Idan bai fayyace ba, ana lissafi ne da ƙuri'un da aka kaɗa, ban da waɗanda suka ƙaurace, muddin adadin da ke halatta zaman ya cika. A ƙirga ƙuri'un, ka rubuta adadin a bayanan taro. Gyaran kuma yana fara aiki nan take, har a kan shugabannin da ke kan kujera, don haka idan ba ku so wa'adinsu ya tsawaita, ku amince da sharaɗin cewa zai soma daga zaɓe mai zuwa kafin a kaɗa ƙuri'ar ƙarshe.