Neman shawara: bindiga mai ɗura wa kanta harsashi domin farautar barewa a Wisconsin

Bakatsinen Madison

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa fita farautar barewa a nan Amurka. Wani abokin aikina ya gayyace ni gonar iyayensa da ke kusa da Wausau domin kakar farauta da bindiga ta bana, wadda ake buɗewa ranar Asabar ɗin da ke gabanin bikin Thanksgiving, a yi kwana 9 ana yi. Na kammala kwas ɗin farauta da jihar ta wajabta wa duk wanda aka haifa daga ranar 1 ga Janairun 1973, saura bindiga kawai. Dajin nasu mai duhu ne, ya ce da wuya harbi ya wuce yadi 100. Matsalata ita ce an yi mini aiki a kafaɗar dama bara, kuma ranar da na gwada bindigarsa mai sakata, wato wadda ake ɗura wa harsashi da hannu bayan kowane harbi, mai cin harsashi samfurin .30-06, a filin gwaji, da zogi na kwana. An gaya mini cewa wadda ke ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi ba ta tokarin kafaɗa sosai. Abin da na ware duka, har da madubin saiti, dala 1,200 ne. Wani maƙwabcina dattijo yana so ya sayar mini da Remington 742 ɗinsa ta .30-06 a kan dala 450, a shago kuma na ga sabuwar Browning BAR ta .308 wadda ta kwanta mini a rai. Duka biyun masu ɗura wa kansu ne. Wacce ce ta fi dacewa da mai irin lalurata?

Abu Safwan, Columbus

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka kuskura ka sayi .308 ko .30-06, domin ba za a bar ka ka shiga daji da su ba. Harsashin da doka ta yarda da shi shi ne mai miƙaƙƙen kwanso wanda ba shi da wuya, irin .350 Legend da Winchester ta fito da shi a 2019, kuma ba a yarda ka sa fiye da uku a cikin bindiga ba. Ni da ita nake fita, ko ɗana mai shekara 14 yana harba ta ba tare da ya yamutsa fuska ba.

Injiniya Mamman, Milwaukee

Abu Safwan, dokar Ohio ka karanto masa, shi kuwa Wisconsin ya ce. A nan tun 2013 aka buɗe dukkan jihar ga bindiga mai dogon zango, sai dai inda wata ƙaramar hukuma ta kafa nata sharaɗin, saboda haka .308 ba ta da wata matsala.

Malam Bakatsine, abin da aka gaya maka a kan tokari gaskiya ne, amma yana da iyaka. Akwai wata 'yar ƙofa a jikin bututun bindigar wadda ke ɗibar wani ɓangare na iskar da ta tura harsashi, iskar ta tura ƙarfen da ke fitar da kwanso ya ɗauko sabon harsashi. Wannan aikin yana sa bugun ya iso kafaɗarka a hankali maimakon ya zo lokaci guda, ga shi kuma irin waɗannan bindigogi sun ɗan fi masu sakata nauyi, nauyin ma yana shanye wani abu. Ƙarfin dai yana nan, shimfiɗa shi aka yi. Ni BAR nake riƙewa, kuma tun 1967 ake ƙera ta domin farauta. Sai dai ban ga yadda za ka same ta sabuwa ƙasa da dala 1,400 ba, kafin a zo maganar madubi.

Alhaji Tanimu, Detroit

Ku saurara ku ji daga wanda abin ya ci. Ni ma haka aka zuga ni na sayi tsohuwar mai ɗura wa kanta a wani shagon jingina, ba zan ambaci shagon ko samfurin ba. Mai shagon ya rantse mini cewa mai ita bai harba kwali biyu da ita ba, katakonta kuwa sai sheƙi yake yi. A filin gwaji, cikin watan Satumba, ba ta taɓa yi mini gardama ba.

Ranar 15 ga Nuwamba, ranar da Michigan ke buɗe kakarta kowace shekara, ina zaune a kan dandamalin bishiya a can arewacin jihar tun kafin asuba, sanyi ya sa ba na jin yatsun ƙafata. Wajen ƙarfe takwas sai ga namiji mai ƙaho rassa takwas ya fito daga cikin itatuwa, bai fi yadi 60 ba. Na yi bismilla na ja kunama. Harsashin ya same shi a baya kaɗan da inda na so, ya durƙusa, ya miƙe, ya tsaya cak yana kallon wajena. Wannan tsayuwar ita ce dalilin da ya sa mutum ke sayen irin wannan bindiga. Na sake jan kunama, shiru. Da na duba sai na ga kwanson farko ya maƙale a cikin ɗakin harsashi, ƙugiyar da ke janyo shi ta tsinke masa baki ta baro shi a ciki, sabon harsashi kuma ya zo ya tokare a bayansa. Na cire safar hannu da haƙori, na zaro wuƙa ina ƙwaƙula, barewar kuwa ta juya tana ɗingishi ta shige kurmi.

Mun bi jini a kan dusar ƙanƙara har rana ta faɗi, ni da mutane biyu da suka bar tasu farautar saboda ni. Jinin ya fara da yawa, ya koma ɗigo, ya ɓace a bakin wata fadama. Ba asarar naman ce ta dame ni ba, dabbar Allah ce na raunata na bar ta ta je ta mutu a wahale. Da na kai bindigar wajen mai gyara, ya haska fitila a ciki ya nuna mini tsatsa da ta yi ramuka a bangon ɗakin harsashi, ya ce kwanso yana kumbura ya kama waɗannan ramuka, kuma kuɗin gyaran zai fi abin da na biya. Na koma wa mai shago ya nuna mini takardar da na sa hannu cewa an sayar yadda take. Tun daga ranar mai sakata nake riƙewa, kuma duk wanda na ji zai sayi ɗayar sai na hana shi.

Bakano Mai Kilishi, Chicago

Allah ya jiƙan barewa, Alhaji. Amma ni na san Bazazzagi ko igwa aka ba shi sai barewa ta tsere, saboda haka ina roƙon a sassauta wa bindiga.

Alhaji Tanimu, Detroit

Bakano wanda bai taɓa farautar komai ba sai rangwame a kanti shi ne zai koya mini harbi?

Injiniya Mamman, Milwaukee

Alhaji, da girmamawa, labarinka hujja ce a kan sayen tsohuwar bindiga ba tare da an duba ta ba, ba hujja ce a kan dukkan masu ɗura wa kansu ba. Ɗakin harsashi mai tsatsa rashin kulawar mai ita na farko ne. Irin waɗannan bindigogi suna buƙatar a riƙa goge ɗakin da burushi na musamman mai lanƙwasa, a kuma rage mai idan sanyi ya shigo, domin mai mai kauri yana daskarewa ya rage wa ƙarfen gudu. Akwai kuma masu rakiyar ƙarfen a hankali da asuba don kada ƙara ta kori dabba, sai ya ƙi rufewa sosai, alhali ana so a sake shi ya buga da ƙarfinsa.

Game da 742 ta maƙwabcin, an daina ƙera ta tun 1980, ke nan mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 40, kuma an san hanyoyin da ƙarfen ke bi a cikinta suna cinyewa idan ta sha harbi. Kamfanin Remington ya durƙushe a 2020 aka sayar da sassansa, kayan gyaranta sai a wajen masu tsofaffin kaya. Kada ka biya ko sisi sai mai gyara ya duba ta.

Alhaji Tanimu, Detroit

Injiniya, kai a littafi da filin gwaji ka san bindiga. Ni mahaifina mafarauci ne, da adaka ya ciyar da mu, harbi ɗaya yake da shi kuma bai saba dawowa hannu rabbana ba. Wanda ya san harsashi na biyu yana jiransa ba ya natsuwa a kan na farko. Lokacin da na zauna a Pennsylvania ma ba a yarda a harbi barewa da irin wannan bindiga mai dogon zango ba, ko da suka sassauta a 2017 ƙananan namun daji kawai suka buɗe wa. Kana ganin su ba su san abin da suke yi ba ne?

Injiniya Mamman, Milwaukee

Farautar mahaifinka, Allah ya gafarta masa, ba ta shiga firjinka ba, Alhaji. Ni barewar da na kawo bara 'yan wannan zaure da dama sun ci dambunta. Kuma har yanzu babu wanda ya amsa maganar kafaɗar mutumin nan.

Ɗan Damagaram, Minneapolis

Ni ban yarda da farashin Injiniya ba. Wani abokina ya sayi BAR ta hannu mai tsabta a kan dala 850 a wajen baje kolin bindigogi, har da madubi a kanta. Dala 450 kuma ta yi yawa ga 742, na ga ana sayar da su 300. Idan kuɗi ne matsala, Savage Axis mai sakata sabuwa ba ta kai 400 ba.

Abu Safwan, Columbus

Wannan farashin na da ne, Malam. Makon jiya na ga 742 an rubuta mata 600 a shago, kuma kwalin harsashi 20 na .308 da nake gani dala 25 yanzu ya kusa 40.

Ɗan Damagaram, Minneapolis

A wane shago kake shiga haka? Jiya na saya 28.

Malam Sani, Indianapolis

Akwai abin da ya fi farashi muhimmanci a labarin Alhaji, kuma na ga an wuce shi. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Bukhari da Muslim, abin da makami ya huda shi ake ci, wanda ya mutu da bugun gefen makami kuwa mushe ne, kuma a kan haka malamai da yawa na baya suka halatta abin da harsashi ya kashe idan an ambaci sunan Allah lokacin harbi. Amma idan ka iske dabbar da cikakken rai, wajibi ne ka yanka ta. Saboda haka wuƙa mai kaifi tana cikin kayan aikinka, kuma bindigar da za ka iya saita harbin farko da ita ba tare da kana tsoron bugunta ba ita ce ta fi kusa da kyautata wa dabba. Mai ciwon kafaɗa da ke runtse ido kafin ya ja kunama shi ne ke raunata barewa.

Maman Ilham, Grand Rapids

Malam ya yi gaskiya, amma ku maza kuna ta gardamar bindiga, ba ku san inda halaccin naman yake lalacewa ba. Maigidana ya yi bismilla, ya yanka, ya kai barewarsa wajen masu fiɗa ya biya dala 150. Da aka kawo naman na buɗe niƙaƙƙen na ga fari-fari ya yi yawa, alhali naman barewa ja ne wur, ba shi da kitse. Da ya buga waya sai suka ce ai sun saba haɗawa da kitsen alade domin kada ya bushe a wuta, tunda bai ce kada a sa ba. Suka kuma ƙara da cewa niƙaƙƙen nama a taru suke niƙa shi, na mutane da yawa a injin ɗaya, sai a auna wa kowa nauyin da ya kawo. Duk abin da aka niƙa sai kyauta muka yi wa maƙwabta da shi, tsokar baya da cinya kawai muka ci, su ma zuciyata ba ta kwanta ba.

Ɗan Damagaram, Minneapolis

Hajiya, dala 150 ma an yi muku sauƙi, a wajenmu 200 ne idan za a cire ƙashi. Akwai masu yarda su niƙa naka shi kaɗai da kitsen sa idan ka faɗa tun farko, amma injin dai shi ne wanda aka niƙa alade da shi da safe.

Bakano Mai Kilishi, Chicago

Duk wanda ya kawo mini cinya biyu zan feɗe masa sauran kyauta, in kuma mayar masa da rabi kilishi. Alhaji Tanimu kaɗai na cire, domin shi sawun barewa yake kawowa gida.

Injiniya Mamman, Milwaukee

Fiɗa a gida ita ce mafita, ba ta fi ta ragon layya wuya ba idan akwai gareji mai sanyi da ƙugiya. Amma a Wisconsin a tuna da cutar nan mai ramar da barewa, wadda aka fara ganowa a jihar a 2002 kusa da Mount Horeb. Hukumar kula da namun daji tana gwada kan dabbar kyauta, kuma hukumomin lafiya sun ce kada a ci wadda aka samu da cutar. Wannan ma wani dalili ne na ƙin naman da aka niƙa a taru, tunda ba ka san barewar wa aka haɗa maka da ita ba.

Bakatsinen Madison

Na gode ƙwarai da gaske, 'yan'uwa. Maƙwabcin nawa ya yarda in kai bindigar wajen mai gyara ranar Asabar, amma har yanzu ina so in ji daga wanda ya harba BAR ta .308 da kuma .350 Legend ɗin da Abu Safwan ya ambata, wacce ce ta fi sauƙi a kafaɗa?

Maman Ilham, Grand Rapids

Malam Ɗan Damagaram, waɗanda ka ce suna niƙa na mutum shi kaɗai, suna yarda ka tsaya ka ga an wanke injin, ko kuwa maganar baki ce kawai? Domin namu ma da farko cewa suka yi babu matsala.