Musayar waƙa: tallafin korona, wa ya ga alat?

Tela na Wunti:
Salam jama'a. Jiya ina share shago na tsinci takardar Survival Fund ɗin nan ta 2020, tallafin gwamnati ga masu ƙananan sana'o'i, shi ne tsohon miki ya tashi. Amsa-amo "na" ne, mai jin kansa ya shigo.

Shekarar korona kasuwa ta mutu,
Keken ɗinki ya yi tsatsa a shagona.
Aka ce dubu talatin ga mai sana'ar hannu,
Na cike fom har da lambar BVN ɗina.
Na jira alat, azumi ya zo ya wuce,
Waya ta yi gum kamar ta kakana.

Jauro Bajoga:
Tela yi kuka da yaron da ya cike maka,
Ni talatin ɗin ta sauka aljihuna.
Na sai taya biyu na sa wa Napep,
Ragowar na kai cefane gidana.
Ku Bauchi sai rana ta take ku farka,
Sannan a ce wai an danne rabona.

Ɗan Pantami: Jauro ka gama da shi wlh, a kawo ruwa a yayyafa wa tela

Tela na Wunti:
Yaro man kaza, yaushe aka yaye ka?
A 96 Gombenka ta sauka daga bayana.
Aikin dubu ɗari bakwai da saba'in da huɗu,
Dubu guda kowace ƙaramar hukuma, ɗana.
Mu ashirin gare mu, ku sha ɗaya,
Ƙirga da kyau kafin ka taɓa rawanina.

Malam Mai Aruli: Tela tsaya. Ɗangon "dubu ɗari bakwai da saba'in da huɗu" ya fi ƙarfin baitin, numfashi na ƙarewa kafin a kai ƙarshe, wannan ai lissafin akanta ne. Tun a buɗi ma BVN ɗin nan ya karya maka kari na yi shiru ne kawai.

Tela na Wunti: Malam to ya zan yi, gwamnati ce ta sa adadin ba ni ba. In rage mutane don kari ya zauna?

Malam Mai Aruli: Ka ce "aikin share kwata" mana, kowa ya san shi, dubu ashirin a wata har wata uku. Ga gajarta ga ma'ana.

Ɗan Pantami: Malam kullum gyara, ba mu taɓa ganin baitinka ko ɗaya ba

Malam Mai Aruli: Alƙali ba ya shiga kokawa.

Jauro Bajoga: alƙalin da ya fito daga Bauchi kam mun san inda zai karkata, shi ya sa bai ga "ɗana" da aka cusa don amo kawai ba

Goggon Azare:
Kun cika mu da surutu, ku matsa in wuce. Ni ba ruwana da "na" ɗinku, da nawa amon na zo.

Watan Mayu aka kulle mu kwana goma,
Katagum, Giade da Zaki ba fita.
Kaskon ƙosai na kife a bayan ɗaki,
Waken da na jiƙa ya yi tsami na zubar da shi, kaita.
Aka ce tallafi sai an shiga intanet,
Ni da ko lambar wayata ban haddace ta.
Ku da kuka iya fom kuna faɗa kan talatin,
Mu mudu biyu aka ba mu, mu tara, mu rabta.

Ummu Sultan: Allah sarki Goggo, kin fi su duka. Mata ne suka ɗauki gidaje a lokacin nan amma wa ya ƙirga su

Malam Mai Aruli: Goggo ɗango na huɗu ya ɗan yi tsawo amma na yafe.

Goggon Azare: Ka yafe wa uwarka ɗan nan, waken ne ya yi yawa.

Baban Walid Kumo:
Ku bar batun kyauta, ni bashi na ci,
Na biliyan hamsin da Babban Banki ya ware.
Na ɗauka rabon arzikin ƙasa ne,
Na ƙara aure, na sai babur na more.
Da wa'adi ya cika aka bi BVN,
Kuɗin takin da na tara aka share.

Jauro Bajoga: hhhh Baban Walid ai an rubuta bashi ne ɓaro-ɓaro, kai ka ƙi karantawa. Amaryar tana nan dai?

Baban Walid Kumo: tana nan, babur ɗin ne ya tafi

Ɗan Pantami: duk da haka a yaba wa gwamnatin lokacin, tiriliyan 2.3 aka tsara a shirin farfaɗo da tattalin arziki da Osinbajo ya jagoranta, wa ya taɓa yin haka

Ummu Sultan: to ga ɗan jam'iyya ya fito. Ka manta Oktoban 2020 da mutane suka fasa rumbuna a Jos da Jalingo suna fitowa da katan-katan na taliya?

Tela na Wunti:
Ku yi haƙuri kwana biyu ba caji. Jauro ban manta da kai ba.

Tayar da ka saya ai ta gwanjo ce,
Na gan ka a Alkaleri kana turi da rana.

Malam a duba min wannan, kari ya zauna ko a sake?