Me ya sa wanda aka taɓa kora shi ma yake korar baƙo?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina karatu kan tarihin ƙaura, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. A Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana. 'Yan Najeriya da yawa suka kwashi komatsansu, har da waɗanda a can aka haife su. Ba a cika shekara 14 ba, a Janairu 1983, gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan, mutum kimanin miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Ghana. Ramuwar gayya ce? Ni dai na kasa gane yadda wanda ya ɗanɗani zafin kora zai ɗora wa wani.

Malami Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Na ga 1983 da idona, kuma har yau ba na son tuna ta. Malaman makaranta da magina da teloli, mutanen da muka yi aiki tare, aka wayi gari suna neman mota zuwa iyaka. Da yawa sun maƙale a Benin da Togo domin Ghana ta rufe iyakarta a lokacin, ga shi a shekarar ana fari da yunwa a ƙasarsu.

Ramuwa na iya shiga bakin mutane, amma a ganina ba ita ta jawo ba. Ki duba lokacin. A shekarun 1970, da kuɗin man fetur ya shigo, aiki ya fi ƙarfin masu yi, babu wanda ya tambayi ɗan Ghana takarda. Da farashin mai ya faɗi, masana'antu suka fara sallama, ga zaɓe na tafe a Agusta 1983, sai aka tuna da takarda. Busia ma tattalin arzikin Ghana ne ya sa shi a gaba.

Ba mu kaɗai ba ne. Yunwar da ta faɗa wa Ireland daga 1845 ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, wasu fiye da miliyan suka tsallaka teku, akasari zuwa Amurka. Can aka tsangwame su saboda talauci da kuma ɗarikarsu ta Katolika, har jam'iyya aka kafa don adawa da irinsu. To amma a 1877, wanda ya tsaya a gaba a San Francisco yana kiran a kori 'yan China shi ne Denis Kearney, haifaffen Ireland. Waɗannan 'yan China su ne suka fasa duwatsu wajen shimfiɗa layin dogon da ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma, wanda aka haɗe a 1869. Da aiki ya ƙare, kasuwa ta faɗi, sai a 1882 aka yi dokar hana leburorinsu shiga, ba a soke ta ba sai 1943. Baƙon jiya bai gama samun wurin zama ba, shi ya sa ya fi kowa tsoron wanda ya biyo bayansa, don a kan aiki ɗaya suke layi.

Ɗan Ci-rani:
Baba, kun faɗi gaskiya, amma ku bar ni in ƙara. Ni baƙo ne a inda nake, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne a ce wai kwaɗayi ya fito da mu. Wa ke barin mahaifiyarsa don sha'awa? Wani yaƙi ne ya koro shi, wani fari, wani kuma kiransa aka yi. Jamus ta sa hannu da Turkiyya a 1961 don a kawo mata ma'aikata, tana ganin baƙo raɓa ne, zai yi shekara biyu ya koma. A 1973 ta daina ɗauka, amma mutane sun riga sun kawo iyali. A 1993 aka cinna wa gidan Turkawa wuta a Solingen, mata da 'yan mata biyar suka mutu. Wasu cikin yaran nan Jamus kaɗai suka sani.

Hajiya Mai Shago:
Malam, ni ban yarda duk laifin talauci ba ne. Talauci yana nan kullum, amma sai an samu mai nuna yatsa. Idi Amin ya ba 'yan Asiya kwana 90 su bar Uganda a 1972, ya raba shagunansu ga mutanensa, kasuwancin ƙasar ya durƙushe. A Afirka ta Kudu kuma, a Mayu 2008, a hare-haren da aka kai wa baƙi, an kashe mutum 62, kusan kashi ɗaya cikin uku 'yan ƙasar ne da aka ɗauka baƙi ne. Kuma mutanen Madina ba attajirai ba ne lokacin da suka raba gidajensu da Muhajirai. Jagoran da suka samu ne ya haɗa su 'yan'uwantaka.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode, Baba, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Maganar Kearney ta girgiza ni. Baba, waɗanda kuka yi aiki da su, akwai wanda ya dawo bayan ƙura ta lafa?